Daga zakaran gari zuwa ƙungiyar jaha: kokowa a Tawa da arewacin Adar, 1946-1980

1. Gabatarwa

A yau in aka yi maganar tarihin kokowa a Nijar, galibi daga shekara ta 1975 ake farawa, shekarar da aka yi gasar ƙasa ta farko a birnin Tawa. Daga nan sai a jero sunayen waɗanda suka ɗauki takobi, kowa da jaharsa, har a iso ga na bana. Wannan jeri yana da amfani, amma yana sa mai karatu ya ɗauka cewa kokowa ta fara ne ranar da gwamnati ta sa mata hannu, alhali kuwa waɗanda suka shiga filin Tawa a 1975 sun riga sun yi suna a garuruwansu, kuma sun koyi sana'ar wajen wasu da suka gabace su.

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba yadda ɗan kokowa ya tashi daga matsayin zakaran gari ya koma ɗan ƙungiyar jaha, da abin da wannan sauyi ya jawo wajen kuɗi, da suna, da kuma tambayar ko wane ne yake da iko da ɗan wasa. Mun taƙaita ga Tawa da arewacin Adar, daga 1946, shekarar da aka soke aikin dole a ƙasashen da Faransa ke mulka, zuwa wajejen 1980, lokacin da gasar ƙasa ta zauna da gindinta. Za mu kuma aro madubi daga wasan besbol na Amurka na tsakiyar ƙarni na 20, domin can ma an yi fama da waɗannan tambayoyi, kuma amsar da suka bayar tana taimaka mana mu ga tamu da kyau.

2. Ƙasar Adar da kokowar kaka

Adar ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruwa, tana tsakanin ƙasar noma ta kudu da ƙasar kiwo ta Azawak. A arewacinta akwai Tawa, Kalfu, Bambai, Barmu, Tamaske, Keita da Garhanga, kuma daga nan in aka ƙara gaba sai Tabalak da Abalak, inda noma ke ƙarewa. Mutanen farko da suka nome ta su ne Azna, sannan sarautar Sarkin Adar ta zo daga zuriyar sarakunan Agadas ta hannun Agabba, ta zauna a Illela. Abzinawa da Fulani kuma suna cikin ƙasar tun da daɗewa. Littattafai biyu da suka fito a jerin Etudes nigériennes a 1975, na Jibo Hamani a kan Adar kafin zuwan Turawa da na Nikol Eshar a kan tarihin manoman Hausa na Adar, sun nuna yadda gari yake zama tushen komai a wannan ƙasa: shi ke da gona, shi ke da rijiya, shi ke da wurin tsafi, kuma da sunansa ake sanin mutum.

Kokowa ta bi wannan tsari. Lokacinta kaka ne, bayan an yanke hatsi an ɗaure damma an kai rumbu. A lokacin samari suna da ƙarfi domin sun ci sabon gero, kuma gari yana da abin da zai ciyar da baƙo. Samarin wani gari sai su tashi da makaɗansu su sauka wani gari, a karɓe su, a ba su masauki da fura, da la'asar ko da dare in akwai farin wata a share dandali a kafa da'ira. Yara ne ke buɗe fili, sannan matasa, manyan zakaru sai can ƙarshe. Wanda ke neman abokin karawa yakan fito tsakiyar fili ya yi kirari, ya ambaci garinsu da waɗanda ya kayar, ya miƙa hannu ga wanda yake so. Wancan yana iya karɓa, yana kuma iya ƙi. Babu alƙali mai usur, babu agogo. Dattawa da tsofaffin ƴan kokowa su ne ke raba gardama, su ne kuma ke hana wasa ya koma faɗa.

Abubuwa uku ya kamata a riƙe game da wannan kokowa. Na farko, ɗan kokowa manomi ne, kuma sau da yawa wanda ya yi fice a gayya shi ne ke yin fice a dandali, don haka kayen da ya yi shaida ce a kan cewa garinsu ya ƙoshi. Na biyu, ladan da yake samu yana zuwa ne ta hanyar kari, wato kyautar da mai kallo ke ba shi a bainar jama'a: goro, zane, damen hatsi, akuya, ko ƴan kuɗi. Mai ba da kari shi ma suna yake saye, domin maroƙi zai faɗi sunansa da abin da ya bayar. Na uku, ƙarfin ɗan kokowa ba a ɗauke shi na jiki kaɗai ba. Layu da guraye da kambuna da yake ɗaurawa aikin malami ne ko boka ko wata tsohuwa ta gidansu, saboda haka in ya shiga fili mutane da yawa ne suka shiga tare da shi. Ke nan tun kafin gwamnati ta ƙirƙiro ƙungiyar jaha, zakara yana da tasa ƙungiya: makaɗi, maroƙi, malami, da yaran da ke ɗaukar masa kaya. Bambancin shi ne wannan ƙungiya tasa ce, kuma sunan da take ɗaukakawa na gari ne.

3. Daga 1946 zuwa 1974: hanya, cin rani da kuɗi

Shekara ta 1946 tana da muhimmanci ga samarin Adar. A watan Afrilu na shekarar majalisar Faransa ta amince da dokar da ke ɗauke da sunan Hufuwet Buwanyi, wadda ta haramta aikin dole, kuma a shekarar ne aka soke dokar da ta bai wa kwamanda ikon ɗaure talaka ba tare da shari'a ba. Kafin nan, ƙarfin saurayi a lokacin rani na kwamanda ne: gyaran hanya, ɗaukar kaya, ginin bariki. Bayan nan ƙarfin ya dawo hannun mai shi, ko da yake haraji, wanda ake kira lanho, bai tafi ko'ina ba, kuma da kuɗi ake biyansa.

Neman kuɗin lanho da kuɗin aure shi ya ƙara ƙarfin cin rani. Adarawa sun daɗe da sanin hanyar Sakkwato da Kano, sannan suka bi ta Kumasi da Akara, daga baya kuma Abijan. Jan Rush, wanda ya yi bincike a kan masu zuwa Gwalkwas daga Nijar a shekarun 1950, ya nuna yadda baƙi ke zama a zango rukuni-rukuni bisa ga ƙasar da suka fito. Wannan ya shafi kokowa ta fuska biyu. Ta fuskar farko, tafiya cin rani tana farawa ne daidai lokacin da kokowa ke tashe, don haka gari yakan rasa samarinsa da wuri. Ta fuska ta biyu, a zango ne mutumin Tamaske da na Bambai, waɗanda a gida abokan hamayya ne, suke zama abu guda, a kira su Adarawa. Sunan da ya fi na gari faɗi, wanda gasar ƙasa za ta yi amfani da shi daga baya, a baƙunta ya fara yin ƙarfi.

A cikin waɗannan shekaru kuma kuɗi suka ƙara shiga kari. Ɗan kasuwa da ya dawo daga kurmi, ko mai mota, ko dillalin dabbobi, yana iya ba zakara abin da manomi ba zai iya ba. Motocin haya da suka yawaita bayan yaƙin duniya na biyu sun sa ɗan kokowa yana iya zagaya kasuwanni masu nisa a rani guda, ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar Sakkwato ya dawo. A nan ne aka fara samun mutumin da kokowa ke ciyar da shi wata uku ko huɗu a shekara, sauran watannin yana gona. Irin wannan tafiya ƴan dambe ma sun yi ta, kuma waƙoƙin Ɗan Anace ga Shago sun isa shaida a kan yadda makaɗi da ɗan wasa ke ɗaukaka juna har sunansu ya wuce ƙasarsu.

Hukuma a wannan zamani tana kallon kokowa a matsayin abin ƙawata biki. A lokacin Turawa akan haɗa ta da sukuwar dawaki ranar 14 ga Yuli. Bayan kafa jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958 da samun ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, bukukuwan suka sauya suna, kokowa kuma ta ci gaba da zama ɗaya daga cikin wasannin da ake nuna wa manyan baƙi. Wasannin da gwamnatin Jori Hamani ta ɗauka na zamani su ne ƙwallon ƙafa, tsere da damben Turawa, kuma ta wannan hanya ce Isaka Dabore ya samo wa Nijar lambar tagulla a wasannin Olimfik na Munik a 1972. Amma akwai abu guda da gwamnatin ta yi wanda ya shafi kokowa ba da niyya ba: dokar 1964 da ta raba ƙasa jaha bakwai, Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Yamai, Tawa da Damagaram. Jahar Tawa ta haɗa Adar da Ƙonni da Madawa da Azawak ƙarƙashin hukuma guda. Wannan taswira ta ma'aikatan mulki ita ce ta koma taswirar kokowa bayan shekara 11.

Zamanin ya ƙare da fari. Ƙarancin ruwa da ya fara a ƙarshen shekarun 1960 ya kai maƙura a 1973 da 1974, kuma arewacin jahar Tawa yana cikin wuraren da abin ya fi tsanani: dabbobi suka mutu, rumbuna suka bushe, mutane suka kwararo birni. Kokowar kaka ba ta yiwuwa inda babu kaka. Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da gwamnati, kuma yadda aka tafiyar da taimakon abinci yana cikin manyan dalilan da suka bayar.

4. Tawa, 1975

Gwamnatin Saini Kunce ta rushe jam'iyya da majalisa, saboda haka tana bukatar wata hanya ta isa ga talakawa. Hanyar da ta zaɓa ita ce samariya, tsohuwar ƙungiyar samari ta gari mai sarkin samari da muƙarrabansa, wadda aka farfaɗo da ita aka shimfiɗa ta daga unguwa har zuwa matakin ƙasa. Samariya ce ke ginin aji, da shuka itatuwa, da share gari, ita ce kuma ke shirya wasanni. Daga wannan siyasa aka samu manyan taruka biyu masu zagaya jahohi: gasar kokowa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, da bikin matasa na ƙasa, wanda aka fara a Damagaram a 1976.

Yin taron farko a Tawa, shekara guda bayan yunwa, yana da ma'ana ga duk wanda ya san abin da kokowa ke nufi a gari. A al'ada, buɗe dandali sanarwa ce cewa an ƙoshi. Gwamnati ta ɗauki wannan sanarwa ta yi ta da sunan ƙasa baki ɗaya, a tsakiyar yankin da yunwa ta fi taɓawa. Wanda ya yi nasara a wannan karo shi ne Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, daga jahar Maraɗi. Ke nan masu masauki ba su ne suka ɗauki takobin farko ba, kuma hamayyar Tawa da Maraɗi a fagen kokowa ta samu tushe tun daga ranar farko. A shekarun da suka biyo baya sunaye uku ne suka cika bakin jama'a: Kantu na Maraɗi, Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadade na Tawa. Bayansu aka yi su Langa-Langa na Damagaram.

Waɗannan mutane su ne gadar da ta haɗa zamani biyu. A dandalin gari suka tashi, kari ya rene su, kuma sun zo gasar ƙasa da makaɗansu da layunsu. Amma a Tawa an kira su da sunan jaha, an sa su a jeri, an rubuta sakamakonsu a takarda.

5. Abin da takobi ya sauya

Sauyi na farko shi ne ƙungiya. Tsarin da ya zauna shi ne kowace jaha ta kawo ƴan kokowa 10, waɗanda aka tace daga gundumomi, kowace jaha kuma ta kara da sauran ɗaya bayan ɗaya. Da aka raba Tilaberi da Yamai a 1988 ƙungiyoyi suka zama 8, ƴan kokowa 80. Wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga neman takobi, amma yana ci gaba da kokowa domin jaharsa, kuma babban aikinsa daga nan shi ne ya kayar da wani wanda bai faɗi ba daga wata jaha, ya share wa ɗan'uwansa hanya. Wannan dabara ba ta da gurbi a kokowar gari, inda kowa kansa yake yi wa.

Sauyi na biyu shi ne ƴancin zaɓen abokin karawa ya tafi. A dandali zakara yana iya kauce wa wanda yake tsoro shekara da shekaru, sunansa bai ɓaci ba, kuma gari biyu suna iya zama kowanne da nasa gwarzon da ba a taɓa kayarwa ba. A gasar ƙasa ƙuri'a ce ke haɗa mutane, agogo ke yanke lokaci, alƙali ke ba da gargaɗi ga mai gudun kamu. A ƙarshe mutum ɗaya ne ke saura. Hausawa sun ce gaba da gabanta, kuma gasar ta mayar da wannan magana doka ta shekara-shekara. Ba a raba ƴan kokowa bisa nauyi a neman takobi, abin da ya bar ƙofa a buɗe ga ƙaramin mutum mai dabara ya kayar da ƙato, kuma jama'a suna son wannan ƙwarai.

Sauyi na uku shi ne lada. Sarkin fili yana samun takobi, da doki da kayansa, da riga da rawani, da kuɗi daga hukuma. Duk waɗannan, in ban da kuɗin, kayan sarauta ne, kuma hannun hukuma ne ke naɗa shi. Kari bai mutu ba, sai ma ƙaruwa da ya yi, amma masu bayarwa sun sauya: shugaban jaha, manyan ƴan kasuwa, kamfanoni, daga baya kuma, bayan taron ƙasa na 1991, ƴan siyasa. A zamanin Kunce sojoji ne ke riƙe da jahohi, kuma nasarar ƙungiya tana cikin abin da ake auna shugaban jaha da shi. Tanja Mamadu, alal misali, ya riƙe Maraɗi a ƙarshen shekarun 1970, sannan ya riƙe Tawa daga 1981 zuwa 1988, wato ya shugabanci manyan jahohin kokowa biyu. Kuɗin yuraniyom na waɗannan shekaru, wanda ya gina hanyar Tawa zuwa Arlit, shi ne kuma ya ba gwamnati sukunin ɗaukar nauyin irin waɗannan taruka.

Sauyi na huɗu shi ne rediyo. Muryar Sahel tana watsa gasar kai tsaye da harsunan ƙasa, talabijin kuma ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1970. Makiyayi a Abalak da ɗan cin rani a Abijan suna iya sanin kayen Kadade a rana guda. Makaɗa irin su Sagalo sun samu masu sauraro da babu wani dandali da zai ɗauke su, ƴan cali-cali masu ba da dariya a fili su ma suka zama sanannu. Amma rediyo yana da zaɓe: wanda ya shiga gasar ƙasa shi ake ji, wanda bai shiga ba kamar bai taɓa kokowa ba.

6. Madubi daga Amurka

Besbol wasa ne na ƙungiya biyu, kowace da mutum 9 a fili, ana jefa ƙwallo ana bugunta da kulki. A tsakiyar ƙarni na 20 shi ne babban wasan Amurka. Manyan ƙungiyoyi 16 ne, an raba su rukuni biyu, kuma zakarun rukunan ke karawa a ƙarshen shekara. Ƙungiyar Yankees ta birnin Niyok ta ɗauki kambi sau 5 a jere daga 1949 zuwa 1953, kuma sau 10 tsakanin 1947 da 1962. Maƙwabtanta, Dodgers ta unguwar Buruklin, ta sha kaye a hannunta sau da yawa kafin ta yi nasara a 1955. Siffar wasan ba ta da alaƙa da kokowa. Abin da ya sa muka kawo shi abu uku ne.

Na farko, ikon ƙungiya a kan ɗan wasa. Tun ƙarni na 19 akwai wani sharaɗi a cikin yarjejeniyar ƴan besbol da ke ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa muddin tana son sa: tana iya sayar da shi, shi kuwa ba ya iya tafiya da kansa. Saboda haka albashi bai taka kara ya karya ba. Mafi ƙarancinsa a 1947 dalar Amurka 5,000 ne a shekara, kuma da yawa daga cikin ƴan wasa suna neman wani aiki in lokacin wasa ya wuce, kamar yadda ɗan kokowa ke komawa gona. Curt Flood ya ƙi yarda a sayar da shi a 1969, ya kai ƙara, kotun ƙoli ta ba shi rashin gaskiya a 1972, amma a watan Disamba 1975 wani mai sasantawa ya karya sharaɗin. Ke nan a shekarar da ɗan wasan Amurka ya samu ƴancin barin ƙungiya, a shekarar ce ɗan kokowar Nijar ya shiga ƙungiya karo na farko. Tun daga lokacin ake ta muhawara a nan kan sauya jaha: ɗan kokowa da aka haifa a Adar yana iya ɗaura walki da sunan wata jaha in can ne aka fi kula da shi, jahar haihuwa kuma ta ga an ci amanarta. Tambayar ita ce wadda Flood ya yi: ƙarfin mutum nasa ne ko na wanda ya sa shi a jeri?

Na biyu, dangantakar ƙungiya da wuri. Bayan wasannin 1957 masu Dodgers suka kwashe ta daga Buruklin suka kai Los Anjalas, domin ƙungiyar dukiyar mai ita ce. A Nijar hakan ba ta yiwuwa, tunda ƙungiyar jaha ba ta da mai ita sai hukuma. Wannan ya kare ta daga sayarwa, amma ya bar ɗan kokowa ba shi da ubangida tabbatacce: babu albashin wata, kuma in ƙarfi ya ƙare sai abin da ya tara daga kari. Ƴan besbol sun samu asusun fansho tun 1947. Senegal ta bi wata hanya dabam, inda masu shirya wasa ke biyan manyan ƴan kokowa kuɗi masu yawa a kan karo guda, abin da ya bunƙasa a shekarun 1990.

Na uku, wanda ya fi shafar masu tarihi, shi ne rajista. Kafin Jackie Robinson ya shiga Dodgers a 1947, baƙaƙen fata ba sa wasa a manyan ƙungiyoyi, suna da nasu rukunan dabam. Da ƙofa ta buɗe, waɗannan rukunai suka durƙushe, gwanayensu kuma suka ɓace daga littafin sakamako. Sai a 2020 hukumar wasan ta amince cewa rukunan baƙaƙe na 1920 zuwa 1948 manya ne, a 2024 kuma aka shigar da alƙalumansu, har Josh Gibson, wanda ya rasu a farkon 1947, ya hau kan jerin gwanayen bugu. An iya yin haka ne domin masu bincike sun shafe shekaru suna tono tsofaffin jaridu.

7. Wa ake tunawa?

Filayen kokowa na jahohi suna ɗauke da sunayen gwanaye: na Tawa Hamidin Maidare, na Maraɗi Kantu, na Doso Salma Ɗan Rani, na Damagaram Langa-Langa. Jerin masu takobi kuma yana ta tsawo, ya bi ta kan Labo Maikafo na Maraɗi da Bala Haruna na Damagaram da Haruna Abdu na Tawa, har zuwa Kadiri Abdu, wato Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauka sau 6, da Abba Ibro na Tawa da ya ɗauka a Doso a ƙarshen 2024, a karo na 45. Mahaman Lawan Seriba, wanda ya yi nazari mai zurfi a kan kokowar Nijar, ya bayyana ta a matsayin abin da ke tsakanin nufin gwamnati da gadon kakanni. Jerin takobi ɓangaren gwamnati ne na wannan tarihi.

Ɗaya ɓangaren, na zakarun 1946 zuwa 1974, ba jarida ce ta adana shi ba. Yana cikin kirari, domin ɗan kokowa yakan lissafa waɗanda ya kayar da garuruwansu. Yana cikin waƙoƙin makaɗa, waɗanda ke gadon sunaye daga iyayensu. Yana cikin laƙabin da jikoki ke amsawa, da kuma bakin tsofaffin da suka kalli kokowa kafin farin 1973. Wanda yake da shekara 20 a 1960 ya haura 80 a yanzu. Wannan shi ya sa aikin yake da gaggawa fiye da na Amurka: takarda tana jira a ɗakin ajiya, tsoho kuwa ba ya jira.

Hanyar aikin sananniya ce ga sashenmu. A bi gari-gari a gundumomin Tawa da Keita, a ɗauki kirari da waƙa a faifai tare da sunan mai faɗa da wurin da aka ɗauka. A gwada abin da gari ya ce da abin da abokin hamayyarsa ya ce, domin kowane gari kayen da ya yi yake tunawa. A ɗaure labari da shekarun da kowa ya sani, kamar shekarar yunwa ko naɗin wani hakimi, don a samu kwanan wata. A kuma duba faya-fayan rediyon ƙasa da rahotannin kwamandoji na bukukuwa, inda sunan ɗan kokowa kan fito jefi-jefi.

8. Kammalawa

Tsakanin 1946 da 1980 ɗan kokowar Adar ya bi matakai uku: zakaran gari mai cin kari, matafiyi mai zagaya kasuwanni da rani, sannan ɗan ƙungiyar jaha mai neman takobi. Soke aikin dole ya ba shi lokacinsa, cin rani ya ba shi suna mai faɗi da masu kari masu kuɗi, dokar 1964 ta zana masa jaha, gwamnatin 1974 kuma ta sa shi a cikinta. Ya samu suna a ƙasa baki ɗaya, ya rasa ikon zaɓen abokin karawa, kuma bai samu albashi ko fansho ba. Tambayoyi biyu muke miƙa wa abokan aiki da ɗalibai masu neman batun digiri. Ta farko ta shari'a ce: wace irin yarjejeniya ce ke tsakanin ɗan kokowa da jaharsa, kuma me take ba shi in ya tsufa? Ta biyu ta tarihi ce: su wane ne suka koya wa Kadade da tsararsa kokowa, a waɗanne garuruwa, kuma wa ya kayar da wa?